Injin kiɗa da aka saya da hannu kamar dawa

Makaɗina ya tafi cin rani Legas ana saura wata guda bikin ɗiyar kawuna. Ni kuwa a kan bikin nan na kafa rai. Ban taɓa waƙa a babban taro ba, kuma duk wanda zai iya gayyatata gaba, daga Kurfi har Birchi, zai zo.

Kawu dillalin hatsi ne, irin mutanen da ba su taɓa cewa ban sani ba. Da ya ji labarin akwai injin da ke kiɗa ba makaɗi, ya ce shi zai saya, don a riƙa ba da labarinsa. Muka shiga mota sai Dutsin-Ma, shagon wani mai gyaran rediyo, mutumin Kudu, da ya kawo guda biyu na hannu.

Na farkon ƙarami ne, bai fi allon yara ba. Ka danna nan kiɗa ya tashi, ka murɗa can ya ƙara sauri. Nan take na ɗora masa baiti, ya zauna daram. Na biyun ƙato ne, maɓallai kamar ƙaiƙayi.

"Alhaji, ɗauki ƙaramin," in ji mai shagon. "Babban sai an tsara masa kiɗa da hannu. Ni ma ban iya ba."

Kawu ko kallonsa bai yi ba. Ya ɗaga ƙaramin ya jijjiga, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya taɓe baki.

"Wanga hwanko ne, ba ƙwaya ciki. Ni za a koya ma awo?"

Ya rungumi babban, ya ji nauyi har da nishi, fuskarsa ta washe.

"Kawu, a tsaya a ji shi tukuna mana," na ce.

"Kai yaro, mi ka sani? Abu mai nauyi shi ke da albarka."

Har yau in na tuna, takaici nake ji. Mutumin da bai san bambancin kalangu da turmi ba, shi ya zaɓa mini makaɗi.

Mako uku ina fama da maɓallan nan. Takardar bayaninsa ma babu. Abin da na samu ya fitar kawai shi ne ƙwas, ƙwas, ƙwas, irin na agogon bango.

Ranar biki aka tada janareto, aka ɗora injin kan tebur da ƙyalle. Ya fara ƙwas-ƙwas ɗinsa. Kawu ya miƙe, yana gyara babbar riga, ya sanar wa jama'a cewa haka kiɗan Turai yake. Abokansa 'yan kasuwa suka yi ta gyaɗa kai, su a dole sun waye. Mata dai ba su iya munafunci ba. Ina tsakiyar baiti na biyu wata tsohuwa ta tambaya da ƙarfi ko kaza ce ke tsattsaga a kwano. Dariya ta ɓarke, waƙata ta nutse a ciki.

Ba wanda ya sake kirana biki. Kawu kuwa har ya rasu yana gaya wa mutane cewa injin ba shi da laifi, muryata ce ba ta kai shi ba.