Gudun da ya kusa cinye ƙodar abokina

Shekarun baya, lokacin da son gudu ya shiga jinina, na naɗa wa kaina sarautar koci a Dutsin-Ma ba tare da kowa ya naɗa ni ba. Iyakar ilimina bidiyon waya ne da abin da na ji tsofaffin 'yan ƙwallo suna faɗa a bakin fili. Amma ku ji ni ina bayani, sai ku rantse daga Habasha na dawo.

Ina da wani abokina ɗan Kurfi, tela ne, a nan garin yake ɗinki. Zaman keke ya tara masa teɓa, ga ciwon baya, sai ya ce in riƙa fita da shi. Na kafa masa dokokina. Ta farko, ba a shan ruwa ana gudu, raggwanci ne, kuma yana sa suka a ciki. Ta biyu, a sa rigar ruwa ta leda a ƙarƙashin suwaita don kitse ya narke. Ta uku, kafin doguwar tafiya a biya kemis a haɗiyi maganin ciwon jiki guda biyu don kada ƙafa ta yi gardama. Bawan Allah ya karɓa hannu bibbiyu.

Bayan kamar wata biyu na ce ya isa mu gwada babba: daga Dutsin-Ma har ƙofar gidansu a Kurfi. A tsakiyar bazara fa! Mun so fita da an sallame Asuba, wani mai ɗinki ya tsare shi, sai da rana ta ɗaga muka kama hanya.

Mun wuce rabi ya ce, “Malam, maƙogwarona kamar an zuba toka.”

Na ce, “Kitsen ne ke kuka. Daure.”

Har wani mai mashin ya rage gudu ya miƙo masa ruwan leda, ni na ce a'a, mun gode. Ni kuwa da na saba, kuma babu rigar leda a jikina, ina ta tsalle-tsallena. Muka isa yana jan ƙafa, ya zube a zaure. Na tafa masa, na ci tuwon mahaifiyarsa, na hau mota na dawo gida ina jin kaina.

Washegari da hantsi ya kira ni. Muryarsa can ƙasa. Ya ce cinyoyinsa sun kumbura, kuma fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi. Kun san me na ce? Na ce dattin jiki ne ke fita, ya ƙara maganin ciwon jikin. Wallahi haka na ce.

Kwana na biyu matarsa ta kira tana kuka. Da na isa Kurfi na same shi kwance a tabarma, fuska ta kumbura, idanu sun yi ciki, yana ta amai. Mahaifiyarsa na zaune da ƙwaryar jiƙo.

Ta ce, “Ciwon shawara ne, ɗan nan. Ka ga tun jiya nike ba shi, amma ko fitsarin ma ya ɗauke.”

Na ce, “Inna, tun yaushe?”

“Tun jiya da la'asar, ko ɗigo.”

Ban san likitanci ba, amma na san mutum ba ya kwana ya wuni bai yi fitsari ba. Na tari mota muka yi asibiti. Suna ganin sakamakon jininsa suka ce mu wuce Katsina yanzu-yanzu.

A can likitan ya sa ni gaba da tambaya. Nisan nawa ya yi? Ya sha ruwa? Ya sha wani magani? Ina amsawa yana ajiye biro. Da na zo kan rigar leda sai ya cire tabarau ya dube ni.

Ya ce, “Naman cinyarsa ne ya farfashe saboda wahala da zafi, abin da ya fita daga ciki ya toshe ƙoda. Babu ruwan da zai wanke, ga maganin nan ya ƙara danne ta. Ƙodarsa ta tsaya. Wa ya ce masa ya yi haka?”

Innalillahi! Ni a tunanina ciwon ƙoda na tsofaffi ne da masu ciwon suga. Gudu, abin da muke yi don lafiya? Kafin in buɗe baki, abokina daga kan gado ya ce, “Ni na sa kaina, likita.”

Sai da aka yi masa wankin ƙoda. Ina tsaye ta taga ina kallon jininsa na bi ta roba yana shiga inji, matarsa a gefena da goyo. Ranar da aka ce ya yi fitsari, ni ƙato da gemuna na zauna a baranda na yi kuka. Allah ya taimaka ƙodar ta farfaɗo, ya koma kan kekensa.

Har yanzu ina gudu, amma kafin rana ta yi zafi, ina kurɓar ruwa a hanya, nisa kuma a hankali nake ƙara shi. Ba na shan maganin ciwon jiki don in yi gudu. Duk wanda ya ce min fitsarinsa ya yi baƙi bayan motsa jiki, asibiti nake tura shi a ranar. Kocin kuma na ajiye.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, har yau bai gaya wa kowa a gidansu cewa ni na sa shi ba. Duk lokacin da na je Kurfi, mahaifiyarsa sai ta kama hannuna ta ce wa mutane, “Ga wanda ya ceci ɗana.” Ta yi ta sa min albarka, shi yana gefe yana murmushi, ni kuwa na kasa ɗaga kai in ce amin.