Littafin da Habboba Ta Yi wa Amin

A ƙauyenmu, can bakin kogi kusa da Rusairis a ƙasar Sudan, da an idar da magariba sai mu taru a rumfar kakarmu. Habboba muke ce mata, irin na Larabawa, alhali Larabcinta bai wuce na sayen gishiri ba. Tana zaune gaban gawayi tana dafa jabana, wato gahawa, hayaƙi na korar sauro, tatsuniya na bin tatsuniya. Na tuƙa babbar mota na sha shayi a Gadarif da Kosti da Bur Sudan, har Kano na leƙa, ban ga bakin da ya kama ƙafar nata ba.

Wata shekara yayata Zainabu ta dawo hutu daga makarantar kwana a Wad Madani. Ita ce mace ta farko a gidanmu da ta kai can, kuma Baba ya bar ta ne da sharaɗi: ranar da ta ɗauko shashanci, karatu ya ƙare. To, ta ɗauko. Ɗan littafin soyayya ne na Larabci, irin waɗanda 'yan mata ke ba juna aro har su yi laushi kamar kisra, wainar dawar nan mai falle-falle. Ta yage bangon saboda hoton da ke kai, ta naɗe shi da takardar buhun siminti.

Ita kuwa Habboba ba ta karatu. A wurinta duk takarda mai rubutun Larabci abin girmamawa ce, ko ta ƙunshin sabulu ce sai ta ɗauke ta daga ƙasa. Tana shara ta tsinci littafin a ƙarƙashin gado, ta kaɗe shi, ta ɗora a goshi.

"Wane marar tsoron Allah ya yar da wanga ƙasa?"

Zainabu ta rikice, ta ce ai littafin addu'o'i ne na makaranta.

"Madalla. Daga yau kowace magariba ki karanta muna shahi guda kahin tatsuniya."

Kwana uku ana yi. Zainabu na jan karatu da murya irin ta malamai, gumi na zuba, Habboba ta ɗaga hannu, duk inda aka tsaya ta ce amin, mu ma mu amsa. Rana ta huɗu Kawu Sale, ƙanin Baba da ke aiki a madatsar ruwa, ya zo shan jabana. Ya saurari layi biyu, sai ga jabana ta hanci.

"Inna, kin san abin da kika yi wa amin? Wani mai koren ido ne ya riƙe hannun wata a jirgin ruwa, wai zuciyarsa na ci da wuta."

Baba na masallaci, da an yi isha'i zai shigo. Zainabu ta fara hawaye. Habboba ta dube ta, ta ce, "Juya min shi da Hausa, in ji abin da na roƙa."

Zainabu ta fara juyawa.

"Tsaya. Shi mai koren idon ga, mi yaka nomawa?"

"Ba ya noma, Habboba. Yana da kuɗi ne kawai."

"Uwatai hwa?"

"Ba a faɗa ba."

"Ita kuma yarinyar, tun shekaranjiya tana bakin taga tana kuka. Wa ka ɗebo masu ruwa?" Ta yi tsaki. "Kwana ukku ina amin ga ɗan iska marar uwa! Rufe. Ku matso, ga tawa nan tahe."

Ta ba mu labarin wata budurwa da ta rantse ba za ta auri kowa ba sai wanda zai mutu dominta. Wani mai zaƙin baki ya ce shi ne. Ya tara gari, ya yi mata waƙa, ya yi tsalle ya faɗa kogi, amma sai da ya zaɓi inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Ya tsaya a ciki yana ihu, yana satar kallo ko ta gani. Tana can tana kallonsa tsuntsaye suka sauka a gonar dawarta. Da ta tuna ta ruga a guje, sai ta tarar da wani masunci, wanda bai taɓa ce mata uffan ba, a kan rumfar tsaro tun safe, yana ta wurga majajjawa, muryarsa har ta dushe.

"Wanne ta aura?" muka tambaya.

"Wanda bai gane ba, ya tambayi cikinsa in rani ya yi. Ta ƙare."

Daidai nan Baba ya yi sallama. Ya ga idon Zainabu ja, ya ga Kawu na cizon leɓe, ya ce lafiya? Habboba ta gyara zama a kan littafin, daram.

"Hayaƙi ne. Kai kuma Sale, jabanarka ta huce, tashi."

Kawu ya buɗe baki, ta kalle shi, ya rufe. Zainabu ta koma Madani ranar da hutu ya ƙare. Yau ungozoma ce, mijinta mai gyaran famfon ban ruwa ne, ban taɓa jin ya haɗa kalma biyar a jere ba.

Yanzu in na shiga bas na ga 'yan mata sun duƙa a kan waya suna share hawaye, na san mai koren idon nan bai mutu ba, kuma har yau bai sami aikin yi ba. Raina su nake yi, shi da danginsa duka. Na daɗe ina ɗauka darasin Habboba ke nan. Sai a zaman makokinta Zainabu ta gaya min sauran: kafin hutun ya ƙare, kullum da hantsi in mun tafi gona, tsohuwar nan takan kira ta ɗaka ta ciro littafin daga ƙarƙashin tabarma.

"Karanta min shashancin ga, in ji inda sakarai biyu za su ƙare."

Tana zagi tana tsaki har shafin ƙarshe. Da aka ɗaura auren a littafin, ta goge ido da bakin mayafi ta ce hayaƙi ne. Zainabu ta ce ko gawayi ɗaya babu a ɗakin.