Kunnen Malam a Bakin Injin Ban-ruwa

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Kano, ni da abokina, kowa rungume da jakarsa kamar mai ɗauke da jariri. Hedifon ne a ciki, ba irin na bakin titi ba, irin wanda ko matanmu ba su san gaskiyar kuɗinsa ba. Nasa mai rufaffen baya ne, ganga tana dukanka har ƙirji. Nawa buɗaɗɗe ne, sautinsa garau, kana jin numfashin mawaƙi. Mun daɗe muna musun wanda ya fi, har aka fara gudunmu a majalisa.

Mutum ɗaya muka yarda ya raba gardamar, wato Malam, wanda ya koya mana sauraro. A ɗakinsa na ɗaukar waƙa a Fagge muka tashi. Mutum ne da yake jin tsirkiyar gurmi ta saki tun kafin mai kaɗawa ya ji. Da masu kwamfuta suka kashe masa kasuwa, sai ya koma ƙauyensu wajen Bunkure ya kama noman rani. Amma ba musun kaɗai ya tashe mu ba. Malam ya daina ɗaukar waya, kuma wani ya tsegunta mana cewa kunnensa ya yi nauyi. Ni dai ban yarda ba. Na tafi ne in ƙaryata.

Bas muka shiga a Unguwa Uku, aka cusa mu kamar buhunan albasa. Kwandasta ya ce in kawo jakata a sa a but, na ce wallahi gara ni a sa ni. Direba kuwa ya ƙure rediyonsa, lasifikar a fashe, ba abin da take sai gurnani. Na taɓa abokina na ce ga irin sautinsa nan ya samu kyauta. Harara kawai ya yi mini.

A Kura muka sauka muka karya da kunu da ƙosai. Nan na sayi batir na ƙaramar rikodata wajen wani mai tebur da ya rantse mini zai kai mako. Allah ya isa. Tumatir kuwa ya yi arahar ban haushi, kwanduna jere a bakin titi suna zubar da ruwa, masu shi sun yi tagumi. Wani ya ce mana kwandon ma ya kusa fin abin da ke cikinsa daraja.

Daga nan acaɓa muka hau, muka bi gefen kanal. Da farko abin sha'awa: alkama shar, albasa, masara, ruwa yana bin bututu yana gangarawa fangali da kansa. Sau biyu muka tsaya shanun Fulani suka wuce. Amma muna nisa ruwan yana ja baya, ciyawa ta toshe kanal, har muka kai inda ba ya hawa gona sai an jawo shi da inji. Gonar Malam tana can ƙarshe. Wani mutumin Filato da ke noma kusa da shi ne ya nuna mana, ya ƙara da cewa idan mun je mu ɗaga murya.

Tun daga nesa muke jin injin, tsoho ne, salansarsa ta ɓalle, ƙararsa har cikin haƙori. Malam yana zaune dab da shi. Haka yake yini, don in ya matsa injin ya mutu, ko a ɗauke shi. A kansa akwai hedifon ɗin nan nasa da ba ya bari ko taɓawa mu yi muna yara. An yanke wayar, an cusa tsumma inda soson ya cinye, da shi yake toshe ƙarar injin. Mun yi sallama har muka gaji, sai da inuwarmu ta faɗa gabansa ya ɗago.

Ya yi murna ƙwarai. Ya kashe injin, ya ja mu gindin mangwaro, aka kawo ɗanwake da mai da yaji daga gida. Na lura bakinmu yake kallo, ba idonmu ba. Da muka fito da kayanmu kuwa, fuskarsa ta koma ta Malam ɗin da na sani. Ya juya su a hannu, ya latsa soson, ya yi dariya ya ce, "Har yanzu ba ku daina wannan shirmen ba?"

Kaset ɗin gurmin da shi da kansa ya ɗauka muka sa. Ya fara da na abokina, ya lumshe ido, ya ce gangar ta danne murya. Sai na sa masa nawa. Bai jima a kansa ba na ga kaset ya fara jan ƙafa, ya tsaya cak. Batirin Kura ya mutu. Na ɗaga hannu zan yi magana, abokina ya damƙe mini gwiwa.

Malam bai buɗe ido ba. Yana gyaɗa kai, yatsansa yana kaɗa gurmi a cinya, kan kiɗan da babu shi. Ya daɗe a haka. Sannan ya cire, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Wannan ne," ya ce. "Ka ji inda ya ja numfashi kafin amshi? Naka ya fi."

Na ce, "Na gode, Malam." Ban san ko ya ji ba.

Da za mu tafi ya rako mu bakin kanal, ya riƙe hannuna ya ce mu riƙa rage ƙara, kunne ba ya dawowa. Kafin mu hau acaɓa ya riga ya koma ya tayar da injin, don tumatir ba ya jira, tumatirin nan da muka baro yana ruɓewa a Kura.

A motar dawowa ma rediyo a ƙure yake, amma ba wanda ya yi tsokana. Sai wajen Kwanar Dawaki abokina ya ce, "To, ka ci." Na ce ya yi mini shiru don Allah.

Mun iso gida bayan magariba. Abin da tafiyar nan ta koya mini ɗaci ne da shi: mun ɓata shekaru muna faɗa kan abin da ake ɗorawa a kunne, ba wanda ya taɓa zuwa ya duba mai kunnen. Kuɗin hedifon ɗina kaɗai da ya sai masa injin da ba ya ihu, tun da sauran lokaci. Na sayi sabon batir, na sa kaset ɗin, na nemi wurin da ya ce. Numfashin yana nan kafin amshi, daidai inda ya faɗa. Ni na ji shi.