Takardun Baffa Sale da Na Ƙone da Hannuna

Bana shekara sittin da biyar ke nan da rasuwar Baffa Malam Sale, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe ni a Jibiya. Yanzu na girme shi nesa ba kusa ba, amma har yau in na tuna shi kunya ce ke fara kama ni kafin kewa.

Baffa ba wani babban malami ba ne. Raɗin suna da ɗaurin aure ake kiransa, daga Daddara zuwa Bugaje, har ƙauyukan tsallake da muke ce wa ƙasar Faransa, don jakinsa bai san da wata iyaka ba. Sai dai yana da ɗabi'ar da ake yi wa dariya. Duk jaririn da ya raɗa wa suna, in ya dawo gida sai ya jawo tawada ya rubuta da ajami: wane ɗan wane, uwarsa wance 'yar wane, daga gari kaza. A ce masa, "Haba Malam, wa zai manta da wadda ta haife shi?" Shi kuwa ya ce, "Ku dai bari."

Ga mai mantawar nan, wato ni, ina cin tuwo a gidansa. Daga tsallake aka auro mahaifiyata, ta rasu a haihuwata, mahaifina ya bi ta kafin in yi wayo. Ba ta cika shekara biyu a Jibiya ba, kowa Baƙuwa yake ce mata. Baffa kaɗai ya rage cikin waɗanda suka je ɗaurin auren, shi ya san sunanta na yanka da garinsu. Ni kuma ban taɓa tambaya ba, yaron lokacinmu ba ya buɗe baki ya yi irin wannan tambaya.

Ranar da zan koma makaranta Katsina, 'yan shekaru kafin 'yancin kai, ya kira ni zaure. "Lawali, zo ka zamna in karanta maka takardarka. Kana da kawunnai, ya kamata su gan ka." Ina sanye da kaki, ina jin kaina, lori kuma na ta oda a tasha. Na ce, "Baffa, sai na dawo." Da daminar nan ya rasu.

Bayan sadakar uku aka ce in share ɗakinsa. Na tarar da adaka cike da takardu, yoyo ya jiƙa wasu, gara ta ci gefen wasu, kowace da Bisimilla a samanta. Na iya karatun ajami sarai, ba ni da uzuri ko ɗaya, layin farko kawai na duba. Na yi abin da aka hore mu: takarda mai sunan Allah ba a barinta a ƙasa a taka. Na kai su bayan gida na cinna musu wuta, ina ganin lada nake kwasa.

Inna Hajo, matar Baffa, tana takaba a ɗaki, ƙauri ya kai mata. "Lawali, mi kake ƙonawa?" Na faɗa mata. Ta yi salati, sannan ta ce, "Ɗan nan, asalinka ne a ciki, da na rabin garin nan." Ita ma ba ta san sunan mahaifiyata ba, bayan mutuwar aka auro ta.

Na tsallaka iyaka ya fi a ƙirga. Kasuwa kasuwa na bi har Maraɗi, ina tambayar tsofaffi ko sun san wata da aka kai aure Jibiya ba ta dawo ba. Su ce, "'Yar wa?" In juya in kama hanyar gida.

Kwanaki ɗiyata ta nuna mini a waya yadda wani tsohon ƙauye na Ingila ya adana littattafan cocinsa: wanda aka haifa, wanda ya yi aure, wanda aka binne, kaka da kakanni. Jikokinsu na nesa suna zaune a gida suna gano asalinsu. Ta ce, "Baba, mu me ya sa ba mu da irin wannan?" Wallahi sai da na kau da kai. Da Baffa zai ga wayar nan, na san ba zai yi mamakin Turawa ba. Tambaya zai yi ko mu da muka yi boko mun rubuta sunan kakar ko mutum ɗaya, kuma ban san da wace fuska zan dube shi ba.

Abin da ya rage na Baffa bai taka kara ya karya ba. Akwai tsofaffi a Bugaje da har yau suke amsa sunan da ya raɗa musu, akwai kuma littafin da na buɗe wa 'ya'yana da jikokina, kowa da sunan uwarsa da garinsu. Shafin farko nawa ne, layi ɗaya a cikinsa babu komai. Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe mini. In na idar da salla ina ambatonsa da suna, shi da mahaifina da Inna Hajo. In na zo kanta sai in ce, "Ya Allah, da wadda ta haife ni, kai ka san sunanta."