Baba da Shuɗiya

Duk wanda ya zauna a layinmu na Agege ya san babanmu, Malam Sale Direba, ba ya amsa gaisuwa in mota na wucewa. Sai ya ɗaga maka hannu, ya karkata kai yana sauraro, sannan ya ce, "Wannan injin ba zai kai Sallah ba." Har danfo, bas ɗin haya, ya taɓa tarewa a tsakiyar titi, direba ya taka birki yana zagi, Baba ya leƙa ya ce masa da Yarbanci, "Ɗana, baƙin manka ya ƙone. Ka ji tausayinta."

Tasa motar, wadda muke kira Shuɗiya, ta girme ni. Mu 'ya'yansa tsoronta muke ji kamar wata gwaggo mai faɗa. Ba a jingina da ita, ba a cin gyaɗa a ciki. In aka zo babban rami, kowa ya sauka ya taka. Inna ta taɓa zuwa biki Abule Egba da taɓo har idon sawu. Da ta yi magana ya ce, "Ƙafa ai wankewa ake yi, Hajara. Sifirin ƙafar mota kuwa saye ake."

Ranar da na fara jin tsoron wannan hali da gaske, hanyar Ketu muke da la'asar, ni da shi. Wasu samari biyu a okada suka sha gabanmu, ɗaya ya ɗora masa bindiga a kunne. Ni dai na kama salati. Baba ya fito, ya miƙa makulli, sai na ji ya ce, "Giya ta biyu a hankali ake sa mata. Kuma kada ku zuba mata man bakin titi."

Ɓarawon ya tsaya yana kallonsa. Na rufe ido ina jiran ƙara. Da ɓarawon ya shiga ya murɗa makulli da ƙarfi, Shuɗiya ta yi tari ta ƙi tashi. Motoci suka fara taruwa a baya, suka haye okadarsu suka gudu. Ina kuka, Baba yana duba makulli: "Dubi yadda ɗan banza ya lanƙwasa shi."

Sai kuma wata Lahadi, ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba. Muna tsakar gida ƙasa ta girgiza, gilashin tagogi ya zube. Kafin mu miƙe wata ƙarar ta biyo, ta fi ta farko. Wani ya ruga yana cewa sojoji sun dawo, wani ya ce yaƙi ne. Ina da tsohon ciki a lokacin. Baba ya tura mu cikin mota, ni da Inna da yaran maƙwabta har kan cinya, da takalmansu, ko faɗa bai yi ba. Ya tada ta. Sai ya zauna.

"Malam, mu tafi mana," in ji Inna.

"Inji bai yi zafi ba."

"Baba, mutuwa za mu yi a nan!" Ni ce da ihu.

"Rabi, inji bai yi zafi ba."

Sama ta yi ja, mutane na gudu suna bangazar motar, wata mata na kiran sunan ɗanta. Muna nan a ƙofar gida har ƙarar ta lafa. Daga baya aka ji rumbun makamai ne ya kama wuta a wani bariki, kuma da yawa cikin waɗanda suka gudu ba su dawo ba. Unguwa ta ɗauka Baba hangen nesa ya yi, har ana zuwa yi masa godiya. Yana karɓa kuwa, ko kunya.

Sai a ciwonsa na ƙarshe, ina ba shi kunu, na tambaye shi. Ya leƙa ƙofa ko Inna na kusa, ya rage murya.

"Injin da zafinsa, daga kasuwa na dawo. Ƙafata ce ta mutu, na nemi kuloci na rasa. Ke kuma da ciki a bayana." Ya haɗiye kunun. "Kada ki faɗa wa babarki."

Inna, yau dai kin ji.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Allah Ya yalwata maka kabari, Ya amintar da kai daga firgicin da ya fi wannan, Ya haɗa mu da kai a Aljanna.