Gwajin Motar da Ya Kai Ni Takieta

Akwai wata Asabar da na san ko tsufa ya cinye mini tunani, ita ba zai taɓa ta ba. Ita ce ranar da na fita daga gida da niyyar gwada wata tsohuwar motar alfarma mai shan gazuwal, wato man dizal, a cikin Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, azahar ta same ni a Takieta ina shan fura a gidan mutanen da ban taɓa gani ba.

A lokacin ina aiki a ma'aikatar kiwo ta nan Damagaram, kuma na gaji da moto, wato babur. Rana ta gasa ni, damina ta jiƙa ni, in za mu biki sai mai ɗakina ta hau baya da goyo, manyan yaran mu tura su da kabu-kabu. Na ɗan tara abin da na tara, na fara leƙe-leƙen motocin hannu. Sai wani abokin aikina, wanda muke buro, wato ofis, ɗaya, ya ce ai mahaifinsa yana da mota ta sayarwa. Ya nuna mini hotonta a waya. Doguwa ce, baƙa, ƙirar Jamus, irin wadda muna yara in ta wuce muke tsayawa mu bi ta da kallo. Ya ce tun da idon tsohon ya samu matsala su 'ya'yansa suka hana shi tuƙi, motar tana nan ajiye, su kuwa so suke a rabu da ita kafin ta ruɓe a tsaye.

Da na nuna wa mai ɗakina hoton, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Kyau kam akwai. Amma abu mai kyau haka, a garin nan da kowa ke son a gan shi, me ya hana a saye ta tuntuni?"

Tambayar nan ta shige ni. Ni mutum ne da in abu ya ɗaure mini kai ba na iya barinsa. Na fara bincike. A garejin da nake kai moto, mai gyara ya ce ya san motar sarai, injinta lafiya lau, mutane da yawa sun gwada ta, amma kowa ya gwada sai ya janye. Wani a majalisarmu ya ce takardun duwan, wato kwastan, ne ba su cika ba. Wani ya rage murya ya ce motar tana da masu ita, da yamma ana ganin mutum zaune a baya. Na nemi ganin takardun, babu abin da ya rage. Zancen aljanu kuma na bar wa mai shi. Abin da ya rage mini shi ne in je in gani da idona.

Na sami tsohon a zaurensa da hantsi, ya riga ya yi wanka, ya sa babbar riga mai aiki da hula, har da turare. Na ɗauka wata unguwa za shi. Dogo ne, siriri, idanunsa sun yi fari-fari, sai ya karkata kai kafin ya gane inda mutum yake. Muka gaisa, ya tambayi iyalina, ya tambayi gidan su wa na fito, ya kuwa san kakana. Sannan ya miƙo mini makulli.

Ya ce, "Ɗana, irin wannan mota ba a gwada ta a cikin gari. Kamar ka gwada raƙumi ne a tsakar gida. In da gaske kake, sai mu hau kwalta mu je Takieta mu dawo."

Na ce, "Baba, har Takieta?"

Ya ce, "In ba ta yi zafi ba, ba za ta gaya maka gaskiya ba."

Muka yaye tamfol ɗin da aka rufe ta da shi. Ko ƙura babu a jikinta. Na shiga, kujerar fata ta karɓe ni kamar an auna da ni. Na murɗa makulli zan tayar, ya ɗora hannunsa a kan nawa. Ya ce in dakata sai wata 'yar fitila ta mutu, mai gazuwal sai ta ɗumama cikinta kafin ta tashi, ba ta son gaggawa. Da ta tashi, ƙararta ba irin ta ƙananan motoci ba ce, wani gurnani ne mai nauyi daga ƙasa. Fitar da ita daga lungunan Birni kuwa sai da na yi gumi, hancinta ya sha kwana, bayanta yana can wata unguwa.

Muna wuce shingen jandarma muka hau hanyar yamma, sai na gane abin da yake nufi. Motar ta kwanta a kan kwalta. Ramukan da a kan moto suke girgiza mini haƙora, a nan sai dai in gan su sun wuce. Tsohon ya jingina, ya lumshe ido, ya fara ba ni labarinta. Ya ce shekarun da yake fatauci tsakanin nan da Kano da Maraɗi, wannan motar ce gidansa na biyu. Ya ce in ka cika ta a Damagaram sai ka manta da zancen mai, gazuwal ba ya ƙonewa kamar esansi, wato fetur. Ya ce injinta in ana canza mata mai a kan lokaci, sai mai ita ya riga ta gajiya. Ya ce in ɗan taka, na taka, muka wuce wata babbar mota mai kayan albasa kamar tana tsaye. Ya ce in saki hannu kaɗan in gani ko tana ja gefe. Ba ta ja ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki, bai ga hanya ba amma ya san ta. Ya ce, "Mun kusa Tirmini, rage gudu, awakinsu ba su san mota ba." Bai rufe baki ba sai ga akuya ta tsallaka. A raina na riga na saya. Har na fara hango kaina ranar Juma'a ina fitowa daga cikinta a ƙofar masallaci.

Da muka shiga Takieta na fara neman wurin juyawa, sai ya ce tun da mun zo, akwai wata yayarsa a nan bayan kasuwa, bai kyautu ya taka garin bai gaishe ta ba. Muka tsaya a ƙofar wani gidan ƙasa mai bishiyar dalbejiya. Tun kafin in kashe mota na ji muryar tsohuwa daga ciki tana cewa, "Ga ta nan, na ji kukanta. A shimfiɗa tabarma."

'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ta tsufa ƙwarai, ba ta iya miƙewa sai an kama ta. Ya zauna kusa da ita, suka riƙe hannun juna, suka shiga hira kamar ba ni a wurin: wane ya rasu, wance ta haihu, geron bana ya yi ko bai yi ba. Aka kawo fura da nono mai sanyi. Sai can ta juyo wajena ta ƙare mini kallo.

Ta ce, "Kai ne mai sayen na yau?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Kai ka fi na wancan karon, shi ko zama bai yi ba, yana ta duba agogo. Na kafin shi kuwa mai hankali ne, har goro ya ba ni."

Tsohon ya ce, "Yaya, sha furarki."

Na ajiye ludayi. Wato duk masu gwajin nan da aka ba ni labari, nan gidan suke ƙarewa. Kaina ya fara haɗa lissafin abin da nake gani: wankan hantsi, babbar riga, turare, da tabarmar da aka shimfiɗa tun ba a ga fuskarmu ba.

Bayan mun yi azahar muka kamo hanyar gida. Ba mu yi nisa ba ya gyara murya ya ce, "To ɗana, da zuwa na gaya maka alherinta. Amana ce in gaya maka sauran." Ya tambaye ni nisan gidana da buro. Na ce ba nisa, ko da ƙafa ana zuwa. Ya girgiza kai. Ya ce mai gazuwal doguwar hanya take so, in kullum daga gida sai buro, ba ta yi zafi ba an kashe ta, hayaƙi zai toshe mata ciki, ta fara tari. Ya tambaye ni ina iyayena suke. Na ce mahaifiyata tana wani ƙauye a ƙasar Droum. Ya ce, "Yashi ke nan. Cikinta a ƙasa yake, za ta zauna maka a tsakiyar hanya, nauyinta kuwa sai an tara gari kafin a tura." Ya ce esansi ko a kwalba ka same shi a kowane lungu, gazuwal mai kyau kuwa sai ka nema, in ka kuskura ka zuba mai ruwa ko datti, famfon da ke ba injin mai ya tafi, kuma wannan famfon ba a nan ake samunsa ba, sai an aika Kano ko Kwatano, kana zaune kana jira. Ya ce gilasanta da makullanta duk na lantarki ne, ranar da ɗaya ya ƙi, a rufe za ka yi ta yawo cikin zafin bazara. Daga ƙarshe ya ce, "Kuma ka sani, ranar da ka shiga wannan motar ka zama Alhaji ko ba ka je Makka ba. Mai tumatir zai ƙara maka, dangi za su ƙaru, duk amaryar unguwa kai za ka kai ta. Albashinka zai iya ɗaukar sunan?"

Na saurara da kyau ko zan kama shi da ƙari, ban samu ba. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kamar yadda na zuwa ma gaskiya ne. Ya dai san wadda zai fara sa wa a gaba da wadda zai ajiye sai an juyo.

Na sami inuwa a gefen hanya na tsaya. Na ce, "Baba, ku gafarce ni, zan yi tambaya. Motar nan, kuna son sayar da ita kuwa?"

Ya shafa fatar kujera da tafin hannunsa. Sannan ya ce, "Yara suna so. Kuma suna da gaskiya, mota ba ta makaho ba ce." Ya ci gaba da cewa, "Mu biyu muka rage a ɗakinmu, ni da yayata. Ita ba ta iya zuwa, ni ba na iya tuƙi. Yaran kowa da aikinsa, in na ce a kai ni sai a ce sai an samu lokaci, ko a ce za a sa ni a motar haya. Ni da na yi rayuwata ina ɗaukar mutane, ban iya roƙon a ɗauke ni ba. Amma mai saye, shi da kansa yake zuwa, har yana gode mini." Ya juyo da fararen idanunsa wajena. "Ban taɓa yi wa kowa ƙarya a kanta ba. In ka ji duka ka ce kana so, taka ce, ba zan hana ba."

Hannuna yana kan motar da na fi so a duk abin da na taɓa tuƙawa, kuma ga shi an ce in na so tawa ce. Na auna da gaske, ba don tausayinsa kawai ba. Na tuna yashin hanyar mahaifiyata, na tuna 'yar tafiyata ta kullum, na tuna cewa abin da na tara in ya shige cikinta babu na gyara. Son ta nake, amma ba ni da rayuwar da za ta zauna a ciki. Na ce, "Baba, ta fi ƙarfina." Na ga kafaɗunsa sun sauka, ya ce, "Allah ya ba ka wadda ta dace da kai." Ya roƙe ni kada in kai zancen wurin ɗansa.

Ran Litinin abokin aikina ya tare ni tun a ƙofar buro, ya ce, "Kai ma ka fasa ko? Don Allah me ke damun motar nan?" Na riƙe alkawari, ban faɗi abin da tsohon ya gaya mini ba. Na ce kawai, "Motar lafiyarta ƙalau. Amma kai ka taɓa gwada ta zuwa Takieta, da shi a gaba?" Ya tsaya yana kallona. Ya ce, "Takieta? Wurin gwaggo?" Sai ya wuce ciki ya zauna a kujerarsa.

Asabar ta gaba ina kan moto a bakin hanyar yamma sai ga baƙar motar ta wuce ni, abokina yana tuƙi, tsohon yana gefensa da babbar riga, hannunsa yana nuna masa wani abu a gaba. Daga ranar ba a sake cewa ana sayar da ita ba. In abokina aiki ya riƙe shi, ni yake kira, na kuwa kai tsohon sau da dama har Allah ya karɓi ran yayar tasa. Ni kuma daga baya na sayi wata ƙaramar mota mai esansi, mai tsayin ƙafa, ba ta da kyan gani ko kaɗan, amma tana kai ni ƙofar ɗakin mahaifiyata ko da damina.

Abin da wannan rana ta koya mini biyu ne. Kafin ka tambayi ko abu yana da kyau, tambayi inda za ka da shi, domin abu mai kyau a hannun da bai dace ba wahala ne. Sannan tsofaffinmu ba kullum suke faɗin abin da suke bukata ba, girma yana hana su. In ka ga dattijo yana ta kewaye-kewaye a kan wani abu, kada ka ce rigimar tsufa ce. Zauna kusa da shi ka tambaye shi inda yake son zuwa, tun yana da wanda zai je ya gani.