Batiran Da Na Tura Gidanmu

Ni bakanike ne ɗan bakanike, kuma kafin in bar Kano ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Na ci cacar biza na zo Amurka, na bar matata Rabi da jaririyarmu Ummi a gidanmu na gado, a hannun yayana, Yaya Sani, da niyyar in na zauna da gindina in ɗauko su. Na sami aiki a wani gareji a Wheaton. A masallaci har yabona ake yi, wai yaron nan akwai riƙon amana.

A garejin akwai doka: duk mataccen batirin mota sai an ajiye shi a gefe, wata mota ta zo ta kwashe zuwa inda ake narka shi a killace. Ni dariya abin yake ba ni. A ganina wauta ce irin ta waɗanda suka ƙoshi, domin a gida na san ana fasa batiri a fitar da dalmar ciki a sayar. Sai na fara cusa guda biyu ko uku a but ɗin motocin da mutanenmu ke turawa gida. Yaya Sani ya kira ni yana murna, ya ce, "Ƙanina, wannan ai zinariya kake turo mana. Ƙaro!"

Na ƙara kuwa. Daga but na koma kwantena guda, ina bin ƙananan gareji ina tarawa. A takardar kwastan sai in rubuta kayan gida na gwanjo, in jera katifu da kekuna a bakin ƙofa. Na san ƙasashen duniya sun yi yarjejeniya kan hana jibge wa matalauta shara mai guba, amma na ɗauka surutun manya ne a ɗakin taro. Shi kuwa Yaya, don kada ya kama hayar fili, a tsakar gidanmu yake aikin. Ya fasa da gatari, ya tsiyaye ruwan batirin a kwata, ya narka dalmar a tsohuwar tukunya kusa da murhun tuwo. Ƙwanson batirin ma ba ya tashi a banza, da shi ake ba kaji ruwa.

Wata ranar suna a Gaithersburg bakina ya ja mini. Ina cin shinkafa ina cika baki, ashe Hajiya Binta tana ji, wata dattijuwa likitar yara 'yar Katsina. Ta kira ni gefe, muka gaisa, na rusuna. Ta ce, "Ɗana, a ina ake narka wannan dalma?" Na ce a gida. Ta ce, "Akwai yara a gidan?" Na ce akwai 'yata. Sai ta ajiye cokalinta. "Ƙurar nan ba ta wari, ba a ganinta. A share tsakar gida ta tashi, yaro ya yi rarrafe ya sa hannu a baki, ta wuce ƙwaƙwalwa. In ta shiga, abin da ta ɓata ba ya dawowa. Don Allah ka sa a yi mata gwajin jini, kuma ka daina." Na ce to Hajiya, in sha Allahu. A zuciyata kuwa cewa na yi boko ya yi mata yawa.

Bayan 'yan watanni Rabi ta kira ni da rana tsaka, ina gareji. Ta ce Ummi ba ta cin abinci, sai amai da kukan ciki, kuma kajin gidan suna ta mutuwa. An ce iska ce, ana ta hayaƙi. Muryar Hajiya Binta ta dawo mini kalma bayan kalma. A lokacin takardar wata kwantena tana gabana, sa hannuna kawai take jira. Na dubi takardar, na dubi wayar. Na ce wa Rabi, "Haƙori ne, ki ba ta magani." Sannan na sa hannu, na ce wa kaina wannan ce ta ƙarshe. Duk laifin da na yi a duniya babu wanda yake hana ni sukuni kamar wannan.

Kwana tara bayan haka Ummi ta fara jijjiga, idanunta suka juye. Aka kai ta asibiti, gwaji ya nuna dalma a jininta. Rabi tana kuka ta ce, "Likita ya tambaye ni daga ina, me zan ce masa?"

Kwantenar kuma ba ta shiga ba. Jami'an tashar jiragen ruwa a can gida suka buɗe, suka ga abin da ke bayan katifu, suka sanar da na nan, aka juyo da ita. Ashe yarjejeniyar da na raina tana da idanu a tashoshi biyu. Da safe ina ƙarƙashin wata mota na ga takalma huɗu sun tsaya a kaina, jami'an tsaro ne suka zo kama ni. A gaban alƙali ban yi musu ba. A gidan yari kuwa ba na ganin laifin kowa, na ma gode Allah da aka tare kwantenar, don da ta isa, a tsakar gidan nan za a fasa batiran.

Yanzu na fito, na tuba, ina neman gafarar Allah. An kankare ƙasar gidanmu an zubar, Yaya ya bar sana'ar. Ummi ta rayu, ta zama budurwa, amma karatu ya gagare ta, abin da aka koya mata da safe kafin la'asar ya gudu.

Ku matasa, musamman masu tura kaya gida, ku ji daga bakin wanda ya gani. In aka ce abu guba ne, kada ku ce ai namu sun saba. Abin da kuka ɓoye bayan katifa a hannun naku zai sauka. Kuma in babba ya ja ku gefe, ku saurara tun da sauran lokaci.

Shekaranjiya Ummi ta ce mini a waya, "Baba, me ya sa ni kaɗai nake mantuwa a ajinmu?" Na san amsar sarai. Har yanzu ina neman ƙarfin zuciyar da zan faɗa mata.